Kunnen Maigidana na Hagu

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya ji da kunnen hagu. Tun kafin a kai ni ɗakinsa aka gaya mini, kamar yadda ake gaya wa amarya cewa mijinta ba ya cin yaji. Na tambayi dalili, aka ce ciwo ne na ƙuruciya, ni kuwa ban ƙara bi ta kai ba. Abin da na koya kawai shi ne zama a damansa. In muna tafiya a titi ina damansa, in muna cin abinci ina damansa. In muka hau bas ɗin nan mai bene ta London sai ya shige wajen taga a layin hagu, ya jingina mataccen kunnen da gilashi, ya bar mini mai ran. Ni surutu gare ni, ban ɓoye wa kowa ba, shi kuma mai saurare ne. Da haka aurenmu ya zauna daram.

Lokacin nan kuɗin man fetur ya fashe a gida. Da rani sai Alhazai su cika London, suna sayen akwati don su zuba wasu akwatunan a ciki, matansu suna taya zinariya kamar masu taya tumatir. Mu dai labari muke ji. Gwamnatin jiharmu ce ta turo shi karatun lauya a wata jami'a da ke Aldwych, muka kama ɗan flat a Tottenham, ɗaki da kicin, da hitar ɗumama ɗaki mai cin sulalla kamar tana da ciki. Sharaɗin zamanmu ɗaya ne, kuma kowane ɗalibi ya san shi: kada sunanka ya shiga wajen 'yan sanda. Wani ɗan ajinsu ya yi dambe a mashaya, kafin ka ce kwabo an yanke masa tallafin karatu an sa shi a jirgi. Maigidana kuwa uwa gare shi da ƙanne a gida, duk idonsu na kan takardar da zai koma da ita.

Abin shaƙatawarmu ɗaya, silima ranar Asabar da rana. A Kano 'yar mutunci ba ta zuwa silima, labarinta kawai nake ji a bakin yayyena maza. Su ne suka koya mini cewa kowane fim yana da ekta yana da bos, ekta shi ne na kirki, bos shi ne mugu, kuma komai daɗewa sai ekta ya kashe bos. Shi maigidana ba irin waɗannan yake so ba. Wata 'yar ƙaramar silima yake kai ni kusa da Charing Cross, inda ake nuna finafinan Italiya da Faransa masu rubutun Turanci a ƙasa. Da farko na ɗauka iyayi ne irin na 'yan boko. Daga baya na gane rubutun yake bi, don shi ne ba ya buƙatar kunne. Ni kuma Turancina bai kai saurin rubutun ba, sai ya riƙa fassara mini. Matsalar ita ce wanda ba ya ji sosai bai san ƙarfin muryarsa ba. Shi a ganinsa raɗa yake yi, alhali layi uku suna jin sa. Ga shi kuma da ɗabi'ar silimar gida, inda ake yi wa ekta kirari a zagi bos da uwa da uba. Turawa kuwa a silima shiru suke kamar masu zaman makoki.

A ɗakin da ke ƙasan namu akwai wata mata 'yar zangon Kumasi, ta girme ni sosai, Yaya nake ce mata. Aikinta kula da tsofaffi a wani gida da cocin Katolika ke ajiye limamansu da suka gaji, waɗanda ake ce wa Fada. Wata rana ta hau mana da dafaffen wake da shinkafa, ta zauna tana ba mu labari.

"Kai, amarya, ka zo ka ga abin mamaki a wurin aikinmu," in ji ta, don ita mace da namiji duk kai ne a bakinta. "An kawo wani tsoho Bature, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya ce a ƙasarku ya yi ƙuruciyarshi duka. Yatsa huɗu ne a hannunshi na dama, wai injin niƙa ya cinye ɗaya."

Na yi dariya, na juya in maimaita wa maigida ko bai ji ba. Ashe ya ji. Cokalin da ke hannunsa yana sama, bai kai baki ba bai kuma ajiye ba. Ya tambaye ta wane yatsa. Ta ce manuni. Ya miƙe ya ce zai yi alwala, alhali bai daɗe da idar da salla ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka tafi silima kamar kullum. Ban sani ba ko da gangan ya zaɓi fim ɗin, ban kuma taɓa tambayarsa ba. Labarin wani Fada ne a ƙauyen kan dutse, lokacin yunwa. Yana riƙon marayu a bayan cocinsa. Na ga mutumin nan ya cire takalminsa ya ba wani yaro, ya tafi da ƙafa a kan ƙanƙara. Na ga ya haura rumbun wani mai kuɗi ya saci alkama don yaran su ci. Na ce a raina, to ga ekta. Can kuma sai ga shi ya kama yaron da ke kaɗa ƙararrawa, wai ya makara, ya kulle ƙofa, ya naɗe igiyar ƙararrawar a hannu ya hau shi da duka. Ba dukan horo ba, dukan mai neman rai. Yaron ya faɗi ya shige ƙarƙashin benci, Fadan ya jawo shi da ƙafa ya ci gaba. Da ya gaji sai ya ɗebo ruwa ya durƙusa yana wanke masa raunukan yana kuka. Washegari ya hau mumbari da fararen kaya yana wa'azin tausayi, mutanen gari suna layi suna sumbatar hannun nan da ya yi dukan. Kuma kowa a garin ya ji ihun yaron, babu wanda bai ji ba.

Na taɓa maigida na ce, "Malam, ni fa na rikice. Wannan shi ne ekta ko shi ne bos?"

Ya ce, "Shi ne duka biyun." Daga nan bai sake fassara mini komai ba.

Da aka kai wajen da Fadan ya sake ɗaga hannu a kan yaron, sai kawai na ga maigidana tsaye. Inuwar kansa ta tare rabin allon. Ya nuna Fadan da yatsa ya kwarara ihu da Hausa, "Munafuki! Azzalumi! Allah ya isa! Ka sake taɓa shi ka gani!"

Akwai wani ƙaton Bature a bayansa ta hagu, yana warin giya da rana tsaka. Ya ce masa ya zauna, ya sake cewa, ni na ji, shi bai ji ba. A na uku sai ya haɗa da zagi, wai mu koma dajin da muka fito, ya cafko wuyan kwat ɗinsa ta baya ya fizgo. Ban taɓa ganin mijina ya kashe ko ƙuda da fushi ba. Ran nan ya juya ya sa wa mutumin goshi a hanci, na ji ƙas, kamar an karya kara. Suka kifa kan kujeru, mata suna ƙara. Baturen ya hau kansa ya riƙa kirɓa masa naushi a baki. Ni kuwa da laima a hannuna, irin mai dogon ƙarfen nan. Ba zan tsaya kallo ana kashe mini miji ba. Na riƙe ta da hannu biyu na riƙa maka masa a ƙeya ina cewa sake shi, ɗan banza, sake shi, har laimar ta lanƙwashe. Aka kunna fitilu, masu tocila suka zo suka raba. Allah ya rufa asiri, manajan wurin ba ya son 'yan sanda a silimarsa, sai ya tura mu waje ta ƙofar baya, ya ce in ya ƙara ganin fuskarmu sai ya kira su. Har yau ban san yadda fim ɗin nan ya ƙare ba.

A gida, kafin magariba, ina gasa masa leɓe da ruwan zafi ina masifa. Na ce, "Yanzu saboda hoton majigi za ka jefa mu a masifa? Mutumin da ke cikin allo ya san kana yi? Da an kira 'yan sanda fa? Me za ka gaya wa Inna?" Ya bar ni na yi har na gaji, sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba.

Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aka kai shi wata tasha can kudancin Arewa, inda babu makaranta sai ta mishan. A nan aka sa shi. Da mahaifin ya rasu, Fadan makarantar ya ce a bar masa yaron, yana da ƙwaƙwalwa. Shi ya ciyar da shi, shi ya tufatar da shi. Bai taɓa ce masa ya bar addininsa ba, har buta ya saya masa. Aikin yaron shi ne kai wa Fada ruwan wanka da sassafe. Wata safiya ya tura ƙofa da bokiti, sai ya tarar da matar da ke yi wa gidan wanki zaune a bakin gadon Fada tana ɗaura zane. Yaro ne, bai san cewa Fada ba ya aure ba, bai san akwai abin ɓoyewa ba. Abin da aka koya masa a gida shi ne in ka ga matar maigida ka gaishe ta. Ya ajiye bokiti, ya durƙusa har ƙasa, ya ce mata ina kwana, an tashi lafiya.

"Ban gama gaisuwar ba na ji duniya ta juya," in ji shi. "Da hannun nan mai yatsa huɗu. Na tashi na ga jini yana bin wuyana."

Kunnen ya kumbura ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe shi. Fadan nan ne ya ɗaure shi a bayansa da zane, ya hau babur ya kai shi asibitin da ke nesa, a damina, rafi ya cika. Ya zauna a gefen gadonsa har ya warke, yana ba shi kunu a baki. Bayan haka shi ya riƙa koya masa lissafi da Turanci shi kaɗai, har ya ci jarrabawar sakandare. Maganar marin kuwa ba su taɓa tayar da ita ba, ko sau ɗaya.

Na ce, "To wannan ai munafuki ne, ba sai an je makaranta ba. Ya kashe maka kunne don ya rufe asirinsa, sannan ya saye bakinka da kunu."

Ya ce, "Ba don shi ba da yanzu ina dako a tasha, ke kuma ba za a ba ni ke ba." Ya taɓa leɓensa ya duba jinin. "Amma sai na rama. Mari ɗaya, a kunnen hagu. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Sannan in yi masa godiya in fito."

Wayyo Allah, tun daga ranar barcina ya ƙaura. Na yi kuka, na yi lallashi, na yi zagi. Na ce a ƙasar nan ko karen Bature ka harba sai an kai ka kotu, balle tsohon limaminsu. Na ce saura kaɗan ka gama, ka tuna da Inna, ka tuna da ƙannenka. Na ce ka bar wa Allah. Ya ce ya bar wa Allah shekara da shekaru, yanzu kuma Allah ya kawo masa shi har unguwa. Sai in shigo ɗaki in tarar da shi tsaye gaban madubi yana gwada ɗaga hannu, in ya gan ni ya yi kamar gashi yake gyarawa. Na sauka wajen Yaya na roƙe ta kada ta gaya masa inda gidan yake, ashe tuni ya tambaye ta, ita kuma cikin murna har ta nemo mana izinin ziyara. Ta ɗauka zumunci ne.

Da na ga ba makawa sai na ce ƙafata ƙafarsa. Niyyata ɗaya ce, in riƙe hannun nan nasa na dama, ko da zai karya ni.

Ranar Lahadi ce bayan azahar. Ya sa farar riga da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Gidan jan bulo ne mai tsit, yana warin dafaffen kabeji da man goge katako. Wata Sista, irin matan cocin nan masu lulluɓi, ta kai mu wani falo, ta ce za ta kawo shayi. Ina riƙe da hannun rigarsa.

Fadan yana zaune a kujera kusa da hita, an rufa masa bargo a gwiwa. Na zaci zan ga dodo. Sai na ga tsoho mai faɗin kafaɗa da ya zube, fatar wuyansa tana reto, da tabarau mai kauri, da ɗan gicciye a ƙirji. Ya ɗago ya dube mu, ya daɗe yana duban maigidana. Sai ya gane shi.

"Kai! Ɗan mai jirgi? Kai ne? Lale, lale! Sannu da zuwa! Ina gajiya? Ina iyali? Ina Innarka, tana nan da rai?"

Wallahi Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni. Ni kuma ina nan na ƙanƙame hannun da na zo tsarewa, sai na ji hannun ya saki, ya yi laushi kamar tsumma. Mijina, mai karatun lauya, wanda ya fasa hancin ƙato a silima, ya zame daga riƙona ya cire takalmi a kan kafet ɗin Turawa, ya durƙusa gwiwa biyu a gaban kujerar nan.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Tana nan, ranka ya daɗe. Mun same ku lafiya?"

Gaisuwa ta ƙi ƙarewa. Ina aiki, ina sanyi, ina labarin gida, ina su wane. Kowace tambaya sai ya amsa da ranka ya daɗe, kansa a sunkuye, muryarsa ta koma ta yaro. Tsohon ya dafa kansa yana hawaye, ya ce shi ya san yaron nan zai zama wani abu, tun yana ƙarami ya gani. Ya dube ni ya ce, "Wannan ce amaryar? Sannu, 'yata. Kin yi dace, ni na rene shi."

Na amsa da ƙyar. A raina ina cewa alhamdu lillahi, ba za a yi mari ba, karatu ya tsira. Amma abin bai yi mini daɗi ba. Na ji kunya, na ji haushi, na ji kamar in ja shi in tashe shi tsaye.

Yadda ya durƙusa, gefensa na hagu ne ke wajen tsohon. Fadan ya tambaye shi yaushe zai gama karatu. Bai ji ba. Ya sake tambaya, bai ji ba, yana can yana kallon kafet yana murmushi. Sai na ga fuskar tsohon ta canza, girarsa ta haɗe. Ya fito da hannun nan daga ƙarƙashin bargo, ga gurbin yatsan a fili, ya kama kunnen hagun mijina ya murɗe, ya ja shi sama har kansa ya karkace.

"Har yanzu kunnen ƙashi gare ka? Ana magana kana shiru?" Yana faɗa yana dariya, amma bai saki ba.

Shi kuma mijina dariya ya yi. Wannan dariyar ce ta gama da ni. Yana durƙushe, kansa a karkace, hularsa ta faɗi, hawaye na zuba, yana dariya yana cewa tuba nake, ranka ya daɗe.

Ban san lokacin da na taka ba. Na dai san na ware hannuna tun daga baya, irin na mai surfe, na sauke masa shi a kunnen hagu da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ƙarar ta cika falon. Tabarau ya yi tsalle ya fashe a jikin bango, haƙoran roba suka faɗo kan bargo. Kujerar ta tafi da shi gefe, goshinsa ya daki bakin hita, jini ya ɓalle ya rufe masa ido ɗaya ya gangaro kan farin wuyan rigarsa. Na tsaya a kansa ina haki ina cewa, "Ka sake taɓa shi ka gani! Tsohon banza, ka sake taɓa shi!"

A bakin ƙofa na ji faranti ya tarwatse. Sista ce da shayi, ta ga komai. Ta juya da gudu tana ihu. Maigidana ya miƙe ya damƙi wuyan hannuna ya murɗe shi baya har na ji ƙashi na shirin fita, ya watsar da ni jikin kabad. Bai taɓa sa mini hannu ba sai ran nan, bai kuma sake ba. Ya koma ya durƙusa ya tallafo kan tsohon, ya yage hannun farar rigarsa ya danne raunin, yana ta cewa sannu, sannu, ranka ya daɗe, sannu. Yaya ta shigo a guje ta ga jini ta ɗora hannu a ka. "Amarya, ka kashe mu! Ka kashe mu!"

Sai a lokacin hankalina ya dawo. Abin da na zo hanawa, ni na aikata shi da hannuna. Na ga jirgi, na ga Inna a bakin ƙofa tana tambaya ina takardar. Na zauna a ƙasa cikin fasassun kofuna.

'Yan sanda biyu suka zo. An mai da tsohon kan kujera, Yaya ta naɗe masa goshi, ta wanke haƙoran ta mayar masa. Sista tana nuna ni tana magana da sauri, ban kama duka ba amma na ji mari, na ji wannan matar. Babban cikinsu ya sunkuya ya tambayi Fada abin da ya faru. Kunnen Fadan ya yi jawur, shatin yatsuna biyar kwance a kumatunsa, makaho ma ya shafa ya gane.

Tsohon ya yi magana a hankali, da Turancin da har ni na fahimta. Ya ce ɗansa ne ya zo daga Afirka bayan shekaru masu yawa, murna ta sa ya yunƙura zai rungume shi, ƙafa ta ci amanarsa ya faɗi kan hita. Ya ce matar nan ƙoƙarin tare shi ta yi. Sista ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu, ya ce Sista ta tsorata ne da ganin jini, kuma daga ƙofa ba a gani sosai. Ɗan sandan ya dubi kumatun, ya dube ni, ya sake tambayarsa ko ya tabbata. Tsohon nan ya ɗora hannunsa mai yatsa huɗu a kan gicciyen ƙirjinsa ya ce, "Ni limami ne, ɗana. Kana tsammanin zan yi maka ƙarya?"

Suka sa hulunansu. Kafin su kai ƙofa tsohon ya yafito ni, na matso. Ya yi mini magana da Hausa, a gabansu, suna ɗauka albarka yake sa mini.

"Hannunki da nauyi, 'yata," in ji shi. "Na san ko wane kunne ne. Ban taɓa mantawa ba, ko kwana ɗaya."

Na ce, "Ka sani, kuma ka murɗe shi?"

Ya rufe ido ya jingina kai, Sista ta nuna mana hanya.

Shekaru sun tafi, kuma na sha juya maganar nan. In na ce mutumin kirki ne sai in tuna yadda ya murɗe kunnen yana sane. In na ce shaiɗan ne sai in tuna ya rantse da abin bautarsa a kan ƙarya don kada a kore mu. Mai fim ɗin nan na kan dutse, ko wane ne shi, ya san irinsu, ya zauna da su. Marin kuwa ban yi nadamarsa ba, kada wani ya ce na yi. Da za a mai da ni falon nan yau da tsufana, sai na ƙara masa.

Amma ran nan a bakin titi murna nake. Karatu ya tsira, mun tsira. Ana yayyafi, ba mu da laima. Na dubi maigidana, rigarsa hannu ɗaya, jinin tsohon ya bushe masa a farce. Na ce, "Malam, Allah ya rufa mana asiri. Kuma ai an rama maka."

Ya tsaya cak. Bai ɗaga murya ba, karon farko a zamanmu da na ji ya yi raɗa ta gaskiya.

"Wa ya aike ki? Tun ina yaro nake riƙe da marin nan, nawa ne, ko in yi ko in fasa. Kin ƙwace. Kin kuma tsaya kin kalle ni a durƙushe." Ya kau da kai. "Ga shi yanzu ya sake goya ni a babur. Da wane bakin zan ƙara ce masa azzalumi?"

Na ce don kai na yi. Na ce ba zan iya kallo ba. Ban san ko nawa ya ji ba, don bas ta iso. Muka hau bene kamar kullum, ya yi gaba zuwa layin hagu, ni ina bayansa ina jiran ya shige wajen taga in zauna a damansa in ci gaba da ba shi haƙuri, don ina da magana cike da baki.

Bai shige ba. Ya tsaya a tsakiyar hanya, ya ja gefe, ya nuna mini wajen tagar da hannu. Na dube shi, bai dube ni ba. Mutane suna jira a bayanmu, sai na shige na zauna. Ya zauna a gefena, mataccen kunnen yana wajena, har yanzu da ja inda aka murɗe shi.

Na yi magana tun daga nan har Tottenham. Ya gama karatu, mun koma gida, ya yi suna, mun haifi 'ya'ya mun aurar. Bai taɓa rage ni da komai ba. Amma a mota, a tabarma, a gadon asibitin da ya cika, wajen hagunsa ya riƙa ajiye mini.